Birni da Baƙinsa: Yadda Kano Ta Cika da Jama'a a Zamanin Da

Gabatarwa

A yau hukumomin manyan garuruwa suna yawan tambayar ta yaya za a jawo baƙi da mazauna zuwa tsakiyar birni, bayan harkoki sun gudu sun koma bayan gari. Tambayar ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Wannan maƙala za ta duba yadda sarakunan Kano na dā suka cika birninsu da jama'a, da yadda waɗansunsu suka kusa watsa shi, domin a ga abin da ke kawo baƙo da abin da ke zaunar da shi.

Ganuwa da Kasuwa

Abu na farko da Kano ta tanadar wa mai zuwa shi ne aminci. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Ganuwar ta kewaye gidaje da gonaki da kududdufai, ta yadda ko an yi wa gari ƙawanya, akwai abinci da ruwa a ciki. Saboda haka duk wanda yaƙi ya koro daga ƙauye ya san inda zai dosa.

Amma aminci kaɗai ba ya riƙe mutum in babu abin yi. A nan ne aikin Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya fito fili. Shi ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara. Da wannan sai birnin ya sami cibiya guda wadda hanyoyin ƙofofi suke ɓullewa gare ta. A zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya sauka Kano, wajen 1492, ya rubuta wa sarki nasiha a kan sha'anin mulki. Kafin nan Wangarawa sun riga sun iso daga ƙasar Mali. Tarihin Kano ya sa zuwansu a zamanin Yaji (1349-1385), ko da yake waɗansu masana suna ganin a zamanin Rumfa ne. Ko ma yaushe ne, abin lura shi ne an karɓe su, an ba su limanci da wurin zama.

Masaukin Baƙo

Sunayen unguwannin birni su ne babbar shaidar wannan karɓa. Akwai Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa. Akwai Ayagi ta Yarabawa, da Sharifai, da Dandalin Turawa, inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, don a lokacin su ake kira Turawa. Sunan Alfindiki ma daga kalmar Larabci ya samo asali, mai ma'anar masaukin fatake. Kowace ƙabila ta sami wurin da za ta ji harshenta, ta ci irin abincinta, ta yi salla a masallacin 'yan'uwanta, alhali kuwa duk kasuwa ɗaya suke ci.

Jigon wannan tsari shi ne fatoma, wato maigidan da yake saukar da fatake. Shi zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a yi cinikin bashi. Ribar fatoma tana ga komowar baƙonsa baɗi, don haka cutar baƙo cutar kai ce a gare shi. Sau da yawa falke yakan zo don cin kasuwar rani ɗaya, ya yi aure a unguwar maigidansa, jikokinsa su tashi Kanawa. Haka Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka zama ƙashin bayan fataucin goro zuwa Gwanja a ƙarni na 19.

Matafiyan Turai sun tarar da wannan tsari yana aiki. Clapperton, wanda ya zo a 1824, ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000. Ya kuma lura cewa akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda in an kai kayan har Borno aka tarar da aibi, sai a komo da su, dillali ya nemo mai su ya mayar da kuɗi. Barth kuwa, a 1851, ya ce mazauna sun kai 30,000, amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari ke sauka, sukan kai 60,000. Ke nan a tsakiyar rani rabin mutanen da ke kwana cikin ganuwa baƙi ne.

Lokacin da Birni ya Kusa Watsewa

Tarihin bai rasa misalin akasin haka ba. Sarki Muhammadu Sharefa (1703-1731) ya ɗora haraji iri iri, har da na Kasuwar Kurmi. Ɗansa Kumbari (1731-1743), wanda yaƙe-yaƙe suka ci wa dukiya, ya tsananta karɓa har kasuwar ta kusa mutuwa, sa'an nan ya sa malamai ma su biya. Sakamakon haka Larabawa suka kwashe suka koma Katsina, talakawa da yawa suka fice zuwa ƙauyuka. Ganuwa tana nan, rumfuna suna nan, amma masu cika su sun tafi. Ɗan kasuwa ba shi da igiya a ƙafa. Inda aka sassauta masa nan yake sauke kaya.

Ƙaurar Harkoki Zuwa Waje

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sai aka sami wani sauyi na daban. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa tasharsa a gabas, bayan ganuwa. Kamfanonin sayen gyaɗa suka yi kantuna kusa da tasha, Kwarori suka zauna a gefen Fagge, inda Kantin Kwari ya samo sunansa, aka kuma yanka Sabon Gari wajen 1913 domin 'yan Kudu, waɗanda tsarin mulkin mallaka bai yarda su zauna cikin birni ba. Birnin da ya saba haɗiye kowane baƙo ya wayi gari sababbin baƙinsa suna sauka a waje. Kurmi ba ta mutu ba, attajirai irin su Alhassan Ɗantata kuma sun ci gaba da zama cikin gari, amma babban ciniki ya bi layin dogo. Daga baya masu hali da yawa suka bi shi, suka gina gidaje a sababbin unguwanni.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa abubuwa huɗu ne suka cika Kano: aminci, da kasuwa mai cibiya guda, da masauki, da gaskiya a ciniki. Abubuwa biyu kuma suka rage ta: tsananin haraji, da kai hanyar sufuri nesa da tsakiyar gari. Mai son ya raya cikin birni a yau yana da abin nuna wa baƙo, kamar Dutsen Dala, da marinar Ƙofar Mata, da gidan tarihi na Gidan Makama, da hawan salla. Sai dai mai kallo yini ɗaya yake yi ya wuce. Wanda zai zauna yana bukatar hanyar shiga da kaya, da magudanar ruwa, da ɗakin haya, da kuɗin rumfa wanda ba zai karya shi ba, da hukumar da za ta bi masa hakkinsa in an cuce shi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Fatoman Kano na dā sun haɗa duka biyun, shi ya sa baƙinsu suka zama 'yan gari.