Shekarar da Kanada ta ƙi launin Faransa

A ƙarshen shekarar 1910, wani masanin zane na Ingila, Roger Fry, ya shirya baje kolin zane a Landan, ya tattara ayyukan Cézanne da Gauguin da Van Gogh, ya raɗa musu suna ɗaya: Fost-Amfiresiyonis, wato waɗanda suka biyo bayan mazanan haske irin su Monet. Magabatan nasu sun himmatu ga kama haske yadda yake sauka a kan ruwa da ganye. Su kuwa suka ba launi ƴanci, ya daina bin abin da ido ya gani: itace na iya zama shuɗi, inuwa ta zama ja, muddin hakan ya fito da nauyin abin a zuciyar mai zane.

Mazanan Kanada a Pari suka tarar da wannan salo, don can ne makarantarsu a lokacin. James Wilson Morrice, ɗan Montiriyal, ya daɗe da zama a birnin, kuma a 1912 ya yi aiki a Tanja ta Maroko lokaci guda da Matisse. A Tunis ya rasu a 1924. Shi bai sha wahalar gida sosai ba, tunda bai koma da zama ba. Waɗanda suka koma su ne suka ɗanɗana kuɗarsu.

Emily Carr ta isa Faransa a 1910 tana dab da shekara arba'in. Ta ɗan zauna a makarantar Colarossi, amma ilimin da ya canja hannunta a ƙauyuka ta same shi, wajen wani mai zane ɗan Ingila, Harry Phelan Gibb. An karɓi zanenta biyu a baje kolin kaka na Pari a 1911. Da ta koma yammacin Kanada, sai ta shiga tafiya a bazarar 1912 zuwa tsibiran Haida Gwaii da kogin Skeena, tana zana dogayen ginshiƙan itace da ƴan asalin ƙasar ke sassaƙawa da alamomin zuri'arsu. Ƙauyuka da yawa sun riga sun zama kufai, ƴan rani ta cinye mutanensu, gwamnati kuma ta haramta babban bikinsu na rabon kyauta, fotlac, tun 1885. Burinta shi ne ta ajiye hoton ginshiƙan kafin su ruɓe.

Nan ne ƙullin yake. Ta so ta zama mai adana tarihi, amma da launukan da ba a yi su don adana tarihi ba. Da ta nemi gwamnatin lardin Birtish Kolombiya ta saya zanukan don gidan tarihi, masanin da aka tura ya duba su, Charles Newcombe, ya ga launin ya yi ƙarfi, bai dace da shaidar kimiyya ba. A ma'auninsa bai yi ƙarya ba. Sai dai ma'aunin bai iya auna abin da ke gabansa ba, domin a cikin waɗannan shuɗaye da jajaye ne ginshiƙan suka tsaya da rai, maimakon su zama gawar da aka lissafa. A 1913 ta baje kusan zane 200 a Bankuba, kasuwa ba ta buɗe ba. Ta koma Biktoriya, ta buɗe gidan haya, tana kiwon karnuka da ginin tukwane, ta yi kusan shekara goma sha biyar ba ta zane sai jefi-jefi.

A wannan shekara ta 1913, a ɗaya gefen ƙasar, John Lyman, wanda ya yi karatu wurin Matisse, ya nuna ayyukansa a Montiriyal. Jaridu suka yi masa ca, har ya tattara ya bar ƙasar, bai dawo da zama ba sai 1931.

Abin lura, salon da aka kora ta ƙofa ya shigo ta taga. Tom Thomson da mazanan da suka kafa Ƙungiyar Bakwai a 1920 sun ɗauki launi mai kauri da siffofi masu sauƙi, suka shimfiɗa su kan dazuzzuka da tafkunan arewacin Ontariyo, bayan biyu daga cikinsu, Lawren Harris da J. E. H. MacDonald, sun ga zanen ƙasashen Sikandinabiya a Bafalo a 1913. Su ma sun sha suka, amma da yake itatuwan gida suke zanawa, sannu a hankali aka karɓi aikinsu a matsayin zanen ƙasa, aka manta da asalinsa na Turai.

Carr ta sadu da su a 1927, lokacin da aka gayyaci ayyukanta zuwa wani baje koli a Ottawa wanda ya haɗa sassaƙar ƴan asalin gaɓar yamma da zanen zamani. Harris ya ƙarfafa mata gwiwa, ta koma aiki tana da shekara 56, kuma mafi shaharar zanukanta bayan haka suka zo. Masana na yau, ciki har da jikokin masassaƙan, suna tuhumar tunanin zamaninta cewa waɗannan al'ummomi sun kusa ƙarewa. Carr ta rasu a 1945. An janye haramcin fotlac a 1951, kuma Haida na sassaƙa sababbin ginshiƙai har yanzu.