Yaye Babu Jari

Ranar da autata ta dawo Baturiya da digirin digirgir, mata sun yi ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka ɗauka ɗaurin aure ne. Da baƙi suka watse, muna zaune a kan tabarmar kaba, na ce mata, "To Auta, karatu ya ƙare, sai aiki." Ta yi dariya ta ce, "Baba, saura fosdok." Na zaci wata jarrabawa ce kuma. Ta ce a'a, shekara biyu ne ko uku da sabon dakta yake yi a ɗakin gwajin wani babban malami, ana ba shi albashi, ana saya masa kayan aiki, ba a cika masa kai da koyarwa, har ƙafarsa ta yi ƙwari ya soma neman kuɗin bincike da sunansa. Nan take na gane. Wane maƙeri ne bai san wannan ba? Yaro in ya gama koyon ƙira ba a sallamarsa hannu Rabbana, sai an haɗa masa uwar maƙera da zugazugi da ɗan jari. Masunci ma ba ya tura ɗansa ruwa babu gora babu koma.

Maganar ta tsaya mini a rai ne don mu uku ke nan a gidan nan da muka ci tuwo da sana'ar bincike, sana'ar kuwa ta kai shekara ɗari a fadamun nan.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kamun tsando ya yi. A shekarun 1920 Turawa suka kafa sansanin binciken tsando a Sherifuri ta ƙasar Katagum, daga baya suka koma Gadau, inda wani Bature mai suna Nash ya zo a 1933. A lokacin ciwon barci na cin mutane, sammore na ƙarar da shanu, kurmin bakin kogi kuwa cike yake da ƙudan. Baba ya tafi can cin rani, ya daɗe. Aikinsa shi ne ya bi wata 'yar hanya da aka share a cikin kurmi, da ƙaramar raga a hannu, yana tafiya sannu-sannu. Tsando ya sauka a jikinsa ko na abokin tafiyarsa, ya cafke, a duba namiji ne ko mace, a ɗiga masa fenti a baya, a sake shi. In an sake kama mai fenti, a rubuta inda aka kama shi. Da haka aka san nisan da ƙudan ke yi da yadda yake maƙalewa a inuwar bakin ruwa idan zafin bazara ya tsananta, aka gane cewa share kurmin mashaya kaɗai yana rage shi. Wannan ilimi aka ɗauka aka je aka yi aikin Anchau da shi, aka gina Takalafiya. Yaran ƙuda ake kiran masu aiki irin na Baba, ko da mutum ya yi furfura. Baba yana bambance tsandon kogi da na dawa tun yana sama bai sauka ba, amma har ya koma ga Allah bai iya rubuta sunansa da boko ba.

Ni kuma rabona a Garki yake. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi wani gagarumin bincike a kan zazzabin cizon sauro a ƙauyukan Garki, lokacin duk muna jihar Kano, ba a yi Jigawa ba sai 1991. Tambayar ɗaya ce: in aka haɗa feshin ɗakuna da raba wa kowa magani, za a iya katse zazzabin a irin ƙasarmu? Ina saurayi aka ɗauke ni, kuma aikina na farko shi ne zama abincin sauro. Da magariba za ka naɗe wando har gwiwa, ka zauna shiru a cikin duhu da tocila da 'yar kwalba. Ka ji tsinin bakinsa a ƙaurinka, ka haska, ka kife shi. Kamun kowace sa'a da mazubinsa daban, har gari ya waye. Da safe a shimfiɗa fararen zannuwa a ɗakunan mutane, a rufe ƙofa, a yi feshi, mu durƙusa muna tsince gawarwakin ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka koya mini duba jini. A tsaga yatsa, a ɗiga a kan gilashi, a shanya, a rina da wani ruwa mai launin shuni, ka sa ido a madubin likita ka yi ta ƙirga har idonka ya yi yaji. Duk mako goma sai mun koma kan mutanen nan, gida-gida, suna-suna. Akwai wata tsohuwa da kullum sai ta ce mini, "Ɗan nan, jinin nan da kuke ɗiba, fura kuke damawa da shi?"

Zazzabin ya faɗi ƙasa warwas yayin da ake feshi da rabon magani, amma bai katse ba, da aka daina kuma ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake fita, feshi bai same shi ba. Wasu masana, Molineaux da Gramiccia, suka tattara komai a littafi a 1980, Auta ta ce har yau masu lissafin yaɗuwar cuta suna komawa kan alƙaluman nan. Na ji daɗi ƙwarai. Wasu daga cikin lambobin da idona aka ƙirga su.

Ban taɓa jin haushin cewa manyan aikin daga waje suka zo ba. Ina za a samo namu a lokacin? Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, sashen koyon likitanci sai 1967, ɗaliban farko ma ba su fita ba muka fara aiki. Abin da na lura da shi dai, tun zamanin Baba, shi ne mai riƙe da jaka shi ke zaɓen tambaya, kuma ranar da jakar ta tafi, tambayar ma ta bi ta. Da aikin ya ƙare kowa ya kama gabansa. Ni na samu gurbi a ɗakin gwajin wani asibiti har na yi ritaya, wasu abokaina masu ido kamar na shaho suka koma noman gero.

A tsakanin nan fadamar kanta ta sauya. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa ta tafi a kan lokacinta ta rikice, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Tsando ya tafi, tsargiya ta zauna daram. A 2008 aka sa dausayin Baturiya cikin jerin wuraren Ramsar, wato dausayin da duniya ta ɗauka masu muhimmanci, masu ƙirgar tsuntsaye na zuwa da madubinsu duk hunturu. Ba na ƙyashin tsuntsu, amma na sha cewa da ana bibiyar fitsarin yaranmu kamar yadda ake bibiyar agwagin Turai, da an ga abin mamaki.

Yanzu masu digirin digirgir sun samu, Alhamdulillahi. Ga jami'a a Dutse tun 2011, ga ta Kafin Hausa tun 2013, Gadau ɗin da Baba ya kama ƙuda ma jami'a ce a yau. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Zariya ya nuna cewa daga Samaru ma ana iya binciken ƙwayar ciwon barci duniya ta saurara. Sai dai tsani ne da matakinsa ɗaya ya ɓalle. Sabon dakta in ya yi sa'ar samun aiki, aji ake danƙa masa mai ɗalibai ɗaruruwa, ga makin jarrabawa, ga taron kwamiti, hannun da ya saba da gwaji ya yi tsatsa. Asusun TETFund, wanda asalinsa dokar 1993 ce bayan yajin aikin malaman jami'a a zamanin shugabancin Attahiru Jega, yana ba da kuɗin bincike da na ƙaro ilimi, amma ga wanda ya riga ya zama ma'aikacin makarantar gwamnati. Wanda ke tsakanin karatu da aiki, irin Auta, ba shi a rajistar kowa. Sai ya ɗaga kai waje: Wellcome ta Ingila da shirinta na DELTAS da aka fara a 2015, ko Humboldt ta Jamus, ko cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa a Zariya da Bayero. Akwai wani shiri, FLAIR, da aka fara a 2019 musamman don sababbin daktocin Afirka su yi bincike a gida, har fam dubu 300 a shekara biyu. A 2021 gwamnatin Birtaniya ta rage kuɗin agajin ƙasashen waje, aka rufe ƙofar. Wanda ya jingina da bangon wani, ranar da mai bango ya tashi rushewa ba ya neman shawararsa.

Ko an samu kuɗin ma akwai sauran rina a kaba. Lokacin karatunta, a wata makarantar da ba zan ambata ba, janareta ya mutu kwana uku, firiza ta narke, jinin da ta yi wata takwas tana tarawa ya tashi a banza. Ta kira ni tana kuka. Na rasa abin cewa, don gilashina na Garki in ya bushe, ko shekara ya yi a akwati ba abin da zai same shi.

Abin da take son bincikawa ciwon ƙoda ne. Duk wanda ke Haɗejiya ko Gashuwa ya san gidan da aka sayar da gona ko shanu don wankin ƙoda. Wasu su ce ruwan sha ne, wasu maganin feshin shinkafa, wasu ƙwayoyin kashe gajiya da jiƙe-jiƙe, wasu zafin rana a gona, ga hawan jini da ciwon suga. Ta ba ni wani labari da ya sa na ajiye kofin shayina. A 2010 masana a Amurka suka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana ba mutum wata kariya daga ƙwayar ciwon barci, amma yana ƙara masa haɗarin lalacewar ƙoda. Na ce, "Ashe tsandon kakanki bai gama da mu ba." Ta ce, "Baba, kada ka yi saurin yanke hukunci. An fi samunsa a kudu, kuma shi kaɗai ba zai bayyana abin da ke faruwa a nan ba. Sai an auna."

Aunawar ce ke bukatar jari. Ta rubuta wa cibiyar binciken da Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, wadda gwamnatin jihar ta sa wa hannu, ta kuma aika takardu biyu ƙasashen waje. Kullum da yamma sai ta hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa ta duba ko an amsa.

Shekaranjiya ta kawo mini takardar neman yardar wanda za a ɗibi jininsa, ta fassara ta da Hausa, wai in duba mata ko mutanen ƙauye za su fahimta. A zamaninmu in bulama ya yarda an gama, amma tun gwajin maganin da aka yi a kan yaran sanƙarau a Kano a 1996 ba mai miƙa yatsa haka kawai, kuma da gaskiyarsu. Na gyara mata wuri biyu inda Hausar ta yi kama da ta rediyo. Na ce ta ƙara layi ɗaya da zai faɗi inda za a kai jinin da wanda zai ajiye shi, don tsohuwar nan ta Garki tana da jikoki. Sannan na tambaye ta, in an gama duka, sunan wa za a sa a saman takardar sakamakon.

Ta ce, "Nawa, Baba. In kuɗin sun fito."