Musayar Ƙoda: Yadda Lissafi Ya Shiga Ɗakin Tiyata

Ranar 23 ga Disamba, 1954, a birnin Boston na Amurka, Dakta Joseph Murray ya ɗauki ƙodar Ronald Herrick ya dasa wa ɗan'uwansa Richard. Tagwaye ne masu kama ɗaya, don haka jikin Richard bai ga baƙuwa ba. Sauran mutane ba su da wannan gata. Sau da yawa majinyaci yana da wanda zai ba shi ƙoda. Abin da ke faruwa shi ne jikinsa ya ƙi karɓar ta wanda ya yarda.

Wani lokaci rukunin jini ne ke shiga tsakani. Mai jinin O zai iya ba kowa, amma shi sai daga O ɗan'uwansa. Abin da ya fi wannan wuya shi ne garkuwar jiki da ta riga ta san ƙwayoyin wasu mutane, ta tanadi makaman yaƙar su. Ƙarin jini na jawo haka, dashen da aka taɓa yi na jawowa, ciki ma haka. Matar da ta haifa wa mijinta 'ya'ya, jikinta kan riƙe alamomin uban da ɗan tayin ya gada, sai ranar da mijin ya miƙa ƙodarsa gwaji ya ce a'a. Akwai majinyatan da jikinsu zai ƙi mutum 99 cikin 100.

A 1986 wani likita, Felix Rapaport, ya kawo shawarar da ko a kasuwa an san ta: musaya. Mijin wannan ya ba matar wancan, mijin waccan ya ba matar wannan. Likitocin Koriya ta Kudu ne suka fara aiwatarwa a 1991, Amurka ba ta yi nata na farko ba sai 2000, a Rhode Island.

Daga nan maganar ta shigo fagenmu, mu masu rubuta manhaja. A 2004 masana tattalin arziki uku, Alvin Roth da Tayfun Sönmez da Utku Ünver, suka nuna yadda za a tattara irin waɗannan iyalai a rumbu ɗaya, kwamfuta ta nemo wa zai ba wa. Idan musayar ta iyali biyu ce, abin da sauƙi, domin Jack Edmonds ya warware lissafin tun 1965. A makaranta mun karanta shi ba tare da wani ya ce mana zai taɓa ƙodar mutum ba. Da zarar an ce iyali uku su yi zagaye, matsalar ta faɗa cikin ajin da har yau ba a san musu gajeriyar hanya ba. A 2007 Tuomas Sandholm da abokan aikinsa a jami'ar Carnegie Mellon suka fito da dabarar da ke iya ɗaukar dubban iyalai.

Sai dai zagaye na da tarnaƙi. Dokar Amurka ta 1984 ta haramta sayar da sassan jiki, kuma babu kotun da za ta tilasta wa mutum cika alkawarin ƙoda. Saboda tsoron kada wani ya janye bayan matarsa ta samu, dole a yi dukkan tiyatar lokaci guda: iyali uku, ɗakunan tiyata shida. Ga mai wuyar dacewa kuwa, bai isa a samo ɗaya cikin ɗarin nan ba, sai kuma ƙodar ɗan'uwansa ta dace da majinyacin wancan gida. Sa'a biyu ake nema a jere.

Dakta Michael Rees na Toledo ne ya kwance wannan ƙulli a 2007. Wani mutum daga Michigan ya ba da ƙodarsa kyauta ga matar da bai sani ba, mijinta ya ba wata daga baya, aka ci gaba har dashe goma. Tunda kowane gida sai ya karɓa kafin ya bayar, ko wani ya saɓa, ba wanda ya yi asarar mai ba shi. A 2011 wata sarƙa irin wannan ta haɗa mutum 60, ƙoda 30, a asibitoci 17. A ganina wannan ya fi duk wata dabarar kwamfuta amfani ga masu wuyar dacewa, domin ya rage sa'ar da suke nema daga biyu zuwa ɗaya.

Roth ya samu kyautar Nobel a 2012, amma shi da Itai Ashlagi sun nuna wata ɓaraka da manhaja ba ta toshewa. Asibitoci kan haɗa iyalai masu sauƙin dacewa a cikin gida, su tura wa rumbun ƙasa masu wuyar kawai. Rumbun da ya cika da masu ƙin 99 cikin 100, duk ƙarfin kwamfuta ba abin da za ta tsinta a ciki.

A Najeriya, inda aka fara dashe a Legas a 2000, sannan a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 2002, kusan duk ƙodar da ake dasawa daga mai rai take fitowa. Idan gwaji ya ƙi miji ko ƙane, yawanci sai majinyaci ya koma kan injin wankin ƙoda, alhali wataƙila wanda ya dace da shi yana zaune a harabar wani asibitin, shi ma da takardar gwajin da ta ƙi shi a hannu.