Ƙungiyar Homebrew: Garejin da Masu Kwamfuta Suka Fara Koyar da Juna

A watan Janairun 1975, mujallar Popular Electronics ta Amurka ta sa hoton wani akwati a bangonta, ta ce wannan kwamfuta ce da mutum zai iya saya da kuɗin aljihunsa. Sunanta Altair 8800, wani ƙaramin kamfani mai suna MITS da ke garin Albuquerque ne ya ƙera ta, kuɗinta dala 397. Sai dai fa kada ka kawo kwamfutar yau a ranka. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannan rubutu. A warwatse ake aiko maka da ita, kai za ka zauna da dalma ka haɗa. Idan ka yi sa'a ta tashi, abin da ke gabanka 'yan makunnai ne da jajayen fitilu, kuma ma'adanarta ba ta wuce bayit 256 ba, wato ko sakin layin nan da kake karantawa ba za ta iya riƙewa ba.

To, wanda ya sayi irin wannan abu, wa zai tambaya? Babu intanet, babu makarantar da ke koyar da shi, kamfanin da ya ƙera shi kuma odar da ta yi masa yawa ta hana shi sauraron kowa. Abin da ya rage shi ne ka nemi ɗan'uwanka da ke fama da irin matsalarka.

Haka mutum biyu suka yi a yankin Kalifoniya. Ɗaya Gordon French, injiniya mai gareji a garin Menlo Park. Ɗayan Fred Moore, ɗan gwagwarmaya da ya taɓa zaman gidan yari saboda ƙin shiga soja, wanda yake ganin kwamfuta a matsayin hanyar haɗa jama'a, ba hanyar neman kuɗi ba. Suka liƙa sanarwa, ranar 5 ga Maris 1975 mutum 32 suka hallara a garejin, wasu a ƙasa ma suka zauna. Kowa ya faɗi sunansa da abin da yake haɗawa, aka zagaye Altair guda ɗaya ana kallo. Daga baya suka raɗa wa kansu suna Homebrew Computer Club. Kalmar ta farko tana nufin abin da aka dafa a gida, wato dai ƙungiyar masu haɗin gida.

Ba su ne farkon masu irin wannan zama ba. Tun 1955 ma'aikatan kamfanonin da ke amfani da manyan kwamfutocin IBM suka kafa ƙungiyar SHARE don musayar manhaja. Amma waɗancan wakilan ma'aikatu ne. A Homebrew babu mai tambayarka takardar shaida ko inda kake aiki.

Ka san abin da ya fara burge su? A wani zama cikin watan Afrilu, wani ɗan ƙungiyar mai suna Steve Dompier ya kawo tasa Altair ɗin, ya zauna yana ɗaga makunnai yana saukewa, umarni bayan umarni. Ana cikin haka wani ya yi tuntuɓe da wayar wuta, komai ya goge, ya sake daga farko. Da ya gama sai ya ajiye ƙaramar rediyo kusa da akwatin, rediyon ta fara fitar da karin waƙar The Fool on the Hill ta mawaƙan Beatles. Dabarar ita ce: duk lokacin da lantarki ke kunnuwa yana mutuwa da sauri a cikin wayoyin kwamfuta, yana watsa igiyoyin da rediyo ke kamawa a matsayin ƙara. Dompier ya gano cewa idan ya sa na'urar ta riƙa maimaita wani aiki da wani irin sauri, sautin ƙarar yana sauyawa. Abin da injiniyoyi ke ɗauka matsala, shi ya mayar kiɗa. Ɗakin ya kaure da tafi, don a ranar ne da yawansu suka fara ganin akwatin nan ya yi wani abu.

Jama'a suka yi yawa, gareji ya kasa, aka koma babban ɗakin taro na cibiyar binciken kimiyyar fiziks ta SLAC da ke ƙarƙashin Jami'ar Stanford, ana haɗuwa duk bayan mako biyu, mutane ɗaruruwa. Lee Felsenstein ne ya zama mai jan ragamar zaman, kuma tsarin da ya bi ya cancanci ka tsaya a kansa. Da farko akwai lokacin da kowa zai miƙe ya faɗi, a gajarce, abin da yake nema ko abin da yake da shi: wannan yana da ƙwayoyin lantarki na sayarwa, wancan ma'adanarsa ta ƙi aiki, wani ya ji labarin sabon kaya. Ba a yarda a tsaya muhawara a nan ba. Bayan jawabin baƙo, sai a saki kowa ya nufi wanda ya ji yana da amsar tambayarsa. A ganina wannan ne ainihin abin da ƙungiyar ta ƙirƙira, fiye da kowace na'ura. Idan ka taɓa halartar taron masu rubuta manhaja, irin na GDG da ake yi a Kano ko Kaduna, ka lura cewa ilimin da ka fi tafiya da shi sau da yawa a bakin ƙofa ka samo shi bayan an tashi, to Felsenstein wannan lokacin ya ɗauko ya sa a tsakiyar ajanda.

A cikin mutum 32 na daren farko akwai wani matashi mai kunya, ma'aikacin Hewlett-Packard, Steve Wozniak. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa zaman nan ne ya sa shi fara zana tasa kwamfutar. Ya yi amfani da ƙwaƙwalwar 6502 mai dala 25, ya haɗa ta da madannai da talabijin, ya riƙa kawo ta ƙungiya yana raba zanen kyauta ga duk mai so. Abokinsa Steve Jobs ne ya ce a daina rabawa haka, a sayar. Suka kafa Apple ranar 1 ga Afrilu 1976, wani mai shago da ke zuwa zaman, Paul Terrell, ya yi odar guda 50. Wannan ɓangaren kowa ya san shi, kuma yawan ba da shi ya sa ana mantawa da rigimar da ta fi shi muhimmanci.

Rigimar a kan manhaja ce. Bill Gates da Paul Allen sun rubuta wa Altair harshen BASIC, wanda ke ba mutum damar yi wa kwamfuta magana da kalmomi maimakon makunnai. A lokacin, manhaja tana zuwa ne a kan dogon zaren takarda mai huda-huda. A watan Yunin 1975 MITS ta kawo motar tallarta wani otal a Palo Alto, sai zare ɗaya na BASIC ya yi ƙafa. Wani ɗan ƙungiyar, Dan Sokol, ya buga kwafi 50 a wurin aikinsa, ya kawo zama na gaba. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: in ka ɗauki ɗaya, ka dawo da biyu.

Kafin ka yanke musu hukunci, ka ji ta bakinsu. MITS tana sayar da BASIC dala 75 ne idan ka haɗa da allunan ma'adanarta, in kuwa shi kaɗai kake so, ɗaruruwan daloli ne. Allunan nan kuma ba sa aiki yadda ya kamata, har wani ɗan ƙungiyar, Bob Marsh, ya kafa kamfanin Processor Technology yana ƙera masu inganci. Ga wasu da suka biya kuɗin BASIC tun tuni ba a aiko musu ba. Shi kuwa Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa mai kwanan wata 3 ga Fabrairu 1976, takardar labaran ƙungiyar ta buga. Ya ce ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na masu Altair ne suka sayi manhajar, abin da suka samu bai kai dala 2 a kowace awar aiki ba, ya kuma kira abin da sunansa: sata. Ya tambaya, wa zai ci gaba da rubuta manhaja mai kyau idan ba a biya?

Gaskiya tambayarsa tana kan hanya, kuma zagin da wasu suka mayar masa bai amsa ta ba. Amsar da ta yi ma'ana ta fito ne daga masu zama su rubuta nasu. Dennis Allison ya wallafa tsarin wani ƙaramin harshe, Tiny BASIC, ya ce kowa ya gina. Tom Pittman ya gina nasa yana sayarwa dala 5, bisa hasashen cewa idan abu ya yi araha mutane za su biya, kuma sun biya. Li-Chen Wang ya saki nasa kyauta a 1976, a saman lambobin ya rubuta kalmar copyleft, yana yi wa haƙƙin mallaka shaguɓe. Shekaru bayan nan kalmar ta zama sunan tsarin lasisin da Linux ke kai, Linux ɗin da ke can ƙasan Android ta wayarka. Ka ga ke nan hanyoyi biyun da duniyar manhaja ke bi har yau, ta Microsoft da ta buɗaɗɗiyar manhaja, a ɗaki ɗaya suka fara cacar baki.

Nasara ce ta ci ƙungiyar. Zuwa 1977, shekarar da aka nuna Apple II a baje kolin kwamfuta na San Francisco, da yawa daga cikin masu miƙewa su faɗi abin da suka gano sun zama masu kamfani. Mai kamfani kuwa ba ya faɗin sirrinsa a gaban abokin gasa. Wozniak ya rage zuwa saboda aiki, Fred Moore ma tun a shekarar farko ya ja jiki. Ga shi kuma kwamfuta ta fara zuwa a haɗe daga shago, buƙatar dalma ta ragu. Felsenstein ya ci gaba da riƙe zaman, a tsakani ya zana Osborne 1 ta 1981, har zuwa Disambar 1986 da aka yi taro na ƙarshe.