Intanet a karkarar yammacin Zamfara: Sauri ko ɗorewa?

Tun bayan ɓullar cutar korona a shekarar 2020, aiki daga gida ta hanyar intanet ya zama ruwan dare a duniya. Mutum na iya zama a ƙasa guda yana yi wa kamfanin da ke wata nahiya aiki. Wannan ya sa wasu 'yan Najeriya da ke ƙasashen waje ko manyan birane ke tunanin komawa garuruwansu na asali ba tare da sun ajiye aiki ba.

To amma ga wanda mahaifarsa ke ƙananan hukumomin Anka, Gummi ko Bukkuyum a yammacin jihar Zamfara, tambayar farko ba ta saurin intanet ba ce. Tambayar ita ce ko sabis ɗin zai tsaya daga safe har dare.

Yadda sabis ke isa ƙauye

Akasarin intanet ɗin Najeriya na shigowa ne ta manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kamar MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da kuma Equiano da ta iso Legas a 2022. Daga gaɓar teku, wayoyin da aka binne a ƙasa ne ke ɗauko shi zuwa biranen arewa.

Daga birni zuwa karkara kuwa, sau da yawa turakun sadarwa ne ke miƙa wa juna saƙo ta iska, wannan ya ba wancan. Don haka idan turke guda ya mutu a tsakiya, duk waɗanda ke bayansa kan yi shiru.

Wutar lantarki ma ba abin dogaro ba ce, saboda haka turakun na rayuwa ne da injin janareta da batura. Kenan sai motar man dizal ta isa wurin, sai kuma injiniya ya iya zuwa gyara, sannan wayar talaka za ta nuna sabis.

Matsalar tsaro

A nan ne rashin tsaro ke shigowa. Hare-haren 'yan bindiga sun daɗe suna addabar wannan yanki. A farkon watan Janairun 2022 an kai farmaki kan ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum, inda gwamnatin jihar ta ce mutane 58 ne suka rasu, yayin da mazauna yankin suka ce adadin ya kai kusan 200.

Hanyar da fasinja ke tsoron bi, ita ce dai direban motar mai da injiniyan kamfani za su bi. Shi ya sa gyaran da bai wuce na sa'o'i ba a birni ke iya ɗaukar kwanaki a karkara.

Katsewar 2021

Babban darasi shi ne abin da ya faru a ranar 3 ga watan Satumban 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya da su rufe turakunsu a duk faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu tsegunta masu bayanai.

Da farko an ce matakin na makonni biyu ne. An maido da sabis a Gusau a farkon watan Oktoba, amma sauran sassan jihar sai a ƙarshen watan Nuwamba aka bayar da sanarwar ɗage masu takunkumin. Jihohin Katsina da Sakkwato da Kaduna su ma sun ɗauki irin wannan mataki a wasu ƙananan hukumominsu.

Cikin kusan watanni uku ɗin nan, masu sana'ar POS da 'yan kasuwa da ɗalibai duk sun ji a jikinsu, haka nan iyalan da ke jiran aiken kuɗi daga 'yan uwansu na nesa. Babu mai ba da aiki daga ƙetare da zai jira ma'aikaci tsawon wannan lokaci.

Abin da mai aiki daga nesa ke buƙata

Taron da ake yi ta bidiyo, kamar a manhajar Zoom, ba ya buƙatar fiye da megabit 4 a daƙiƙa guda. Turken 4G mai lafiya na iya bayar da hakan, amma inda 2G kaɗai ake samu, kira da gajeren saƙo ne iyakar abin da za a mora.

Akwai kuma batun lokaci. Najeriya na gaban birnin New York na Amurka da sa'o'i 5 zuwa 6, don haka aikin kan kai mutum dare, lokacin da rana ta faɗi kuma baturan sola ne kaɗai madogara.

Tauraron ɗan adam

A watan Janairun 2023 kamfanin Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Na'urarsa na karɓar saƙo kai tsaye daga taurarin da ke shawagi kimanin kilomita 550 daga doron ƙasa, don haka ba ruwanta da turken gari. Sai dai sayenta na cin ɗaruruwan dubban naira, ban da kuɗin wata-wata da na wutar da za ta riƙe ta.

Alkawuran gwamnati

Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya tanadi saurin megabit 25 a birane da 10 a karkara. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin binne ƙarin wayoyi na tsawon kilomita 90,000, ta kuma sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Sai dai turke ba ya aiki da takardar doka. Muddin hanyar Anka zuwa Gummi ba ta zama wadda ake bi cikin kwanciyar hankali ba, ɗorewar intanet a ƙauyukan yankin za ta ci gaba da zama ta yau akwai, gobe babu.