Tarkama: yadda gawa ke raba gardamar gado a ƙasar Arewa

A ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, Gubawa ƴan ƙasa suna da manyan sarautu biyu na gargajiya: Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. In ɗayansu ya rasu, masu haƙƙin gado suna da yawa, kuma babu dakarun da za su tilasta wa wanda ya ƙi amincewa.

Maganin da magabata suka samo shi ake kira tarkama. Akan ɗora gawa bisa makara, maza su ɗauka, ita kuwa, a faɗar mutane, ta ja su har gaban magaji. Tun da mamaci ne ya zaɓa a bainar jama'a, wanda ya rasa bai ji kunya ba, kuma ba shi da abokin faɗa cikin masu rai.

A Matankari kuwa, kamar yadda Marc-Henri Piault ya nuna cikin littafinsa na 1970, ƴaƴan sarki sukan nemi sarauta da ƙarfi da tara magoya baya, abin da ke jawo rabuwar dangi.

A 1899 sojojin Voulet sun ƙone Lugu a zamanin Sarauniya Mangu, amma gadon Sarauniya bai yanke ba.