Ƙofar makarantar kwana: daga Kwalejin Katsina zuwa ƙannenmu na Matamaye

 

 Da magabatan ƙungiya suka ce in rubuta wani abu na tarihi cikin wannan ɗan littafi na tunawa, sai na zaɓi zancen da ake yi a gidajenmu duk shekara idan hutun damina ya kusa ƙarewa: ina za a kai yaro bana? Wane ya samu birbe, wance za ta shiga sizyam. Mai hali ya fara tambayar kuɗin makarantar kwana mai zaman kanta a Damagaram, ko Maraɗi, ko Yamai, ko ma ƙetaren iyaka. Marar hali kuwa, musamman na ƙauye, yana neman gidan da zai ba ɗansa wurin shimfiɗa tabarma. Wannan tambaya ta girmi iyayenmu. Shi ya sa nike so mu koma baya shekara ɗari, mu leƙa wata makarantar kwana da ke kusa da mu, mu ga yadda ake shigarta da yadda ake zama cikinta.

In ka tashi daga Matamaye ka bi ta Ɗan Barto, ka tsallaka Kwangwalam, ka ratsa Daura ka yi yamma, Katsina za ka faɗa. A can ne Turawan Ingila suka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Ta gwamnati ce, ba ta kuɗi ba, amma tana cikin makarantun da suka fara kawo wa ƙasar Hausa irin tsarin da muke gani yau a makarantun kwana: gidajen ɗalibai, shugaban gida, lokacin aji, lokacin wasa. An zaɓi Katsina ne don tun da can gari ne na malamai, garin hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Turawa sun san iyaye Musulmi na gudun boko, sai suka aje makarantar inda sunan garin kaɗai zai kwantar musu da hankali.

To, wa ake ɗauka? Ba uba ke zuwa da kuɗi ya rubuta ɗansa ba. Kowane lardi na Arewacin Nijeriya yana da makarantarsa, daga cikin yaranta ake tsamo ƙalilan a tura Katsina, su yi shekara biyar, su koma su koyar a lardunansu. Ka ga ke nan, kafin yaro ya kai bakin ƙofar kwaleji sai ya shiga makarantar lardi, ita kuma mafi yawan yaranta ta hannun sarakai da hakimai aka samo su. Maza Musulmi aka gina wa kwalejin. Ƴa mace ba ta da kujera ciki ko ɗaya.

Mutum biyu za su nuna maka faɗin ƙofar da ƙuncinta. Ahmadu Bello ɗan hakimin Raba ne, jinin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Ya shiga a 1926 ya fita a 1931, kuma a ƙafa ake tahowa daga Sakkwato a lokacin, tafiyar kwanaki. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928 ya fita a 1933, shi kuwa ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa yana aiki ne a ƙarƙashin hakimin Lere ta ƙasar Bauchi. Kusancin gidansu da fada ya kai shi makaranta, ƙwazonsa ya kai shi Katsina. Yanzu ka tambayi kanka: yara nawa ne masu kai irin nasa suka tsufa a gona don babu hakimin da ya san sunan ubansu?

Zaman cikin kwalejin babu wani jin daɗi na a zo a gani. Ginin ƙasa ne, irin na kakanninmu. An raba ɗalibai gida gida: Gabas, Yamma, Kudu, Arewa, Hankaka da Illela. Baitulmalin kowace masarauta ke ba ɗalibinta ɗan kuɗin wata. Da Ingilishi ake karatu, kuma Turawan sun matsa ƙwarai kan furuci, har daga baya aka san tsofaffin ɗaliban Katsina da iya magana. Da yamma ana wasanni, ciki har da kurket da wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna bai daina ba har ya girma. Larabci da addini kuwa malaman gida ne ke koyarwa, cikinsu har da Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cuɗanya. Babarbare daga Barno, kamar Kashim Ibrahim, ya zauna waje ɗaya da Basakkwace da Banufe da Bafulatanin Adamawa, su ci tare, su yi salla sahu ɗaya shekara da shekaru. Wannan sabon ya bi su har cikin mulki: Ɓalewa ya zama firaministan Nijeriya, Ahmadu Bello firimiyan Arewa, Kashim Ibrahim gwamnanta. Harshenmu ma ya ci riba. A gasar rubutun Hausa ta 1933, Abubakar Imam, wanda ya yi kwalejin daga 1927 zuwa 1932, ya kawo Ruwan Bagaja, Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar. Kuma kusan dukansu da alli a hannu suka fara aiki: Ahmadu Bello ya koma Sakkwato ya koyar, Ɓalewa ya koma Bauchi, Imam ya koyar a Katsina. Daga baya an maida kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta ɗauki sunan Barewa a 1971. Ƙofar ta ƙara faɗi, har Yakubu Gowon, Kirista, ya yi karatu can, haka ma Murtala Muhammad. Tsohon ginin na Katsina yau gidan tarihi ne, in ka je ka leƙa.

Mu fa, a wannan ɓangare na iyaka? Ƙofar Faransawa ta fi nisa. Bayan an ɗauke hedkwatar ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, yaron da ya yi fice a lakwal sai ya yi ta hawa matakala ta konkur, ƙolinta kuwa makarantar William Ponty ce, can Senegal, da farko a tsibirin Gore, daga baya a Sebikotan. Can Bubu Hama ya yi, can Diori Hamani da Jibo Bakari suka yi. Iyaye da yawa ɓoye ƴaƴansu suke idan an zo ɗaukar ƴan lakwal, don babu karatun addini ciki, kuma ba su san abin da yaro zai dawo da shi ba. Sai a 1957 aka buɗe madarasar farko mai haɗa Faransanci da Larabci a garin Say. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, cikin yara ɗari da suka isa shiga lakwal, ko biyar ba sa aji.

Kada mu manta kuma, muna da tamu makarantar kwana tun kafin Nasara ya zo, wato tsangaya. Uba ya kama hannun ɗansa ya damƙa wa malam, a yi fatiha, shi ke nan an ɗauke shi. Ba a tambayar ɗan wane ne, ba a tambayar nawa ya kawo. Tana da nata matsaloli da kowa ya sani, na bara da rashin kulawa, amma ta riƙe abu guda: gari ne ke ciyar da mai neman ilimi.

Yau makullin ya sake sauyawa. Jiya hakimi ne ke riƙe da shi, sannan jarrabawa, yanzu a makarantu masu zaman kansu aljihu ne ke gaba. Ana gwada yaro, ana duba sakamakonsa, amma in babu kuɗin rajista da na abinci da na ɗakin kwana, zancen ya ƙare a bakin ƙofa. Ba laifi ba ne mai hali ya kai ɗansa. Sai dai in ana shawara a gidanku, ka tuna da Katsina, ka sa a tambayi abin da ya fi fenti da dogon bango: su wa ke koyarwa? Wa ke kwana kusa da yara da dare? Ana tsai da aji don salla? Me suke ci? In babba ya zalunci ƙarami, wa ake kai wa ƙara? In ƴa mace ce, wace mace ce ke kula da su?

Ni dai ba na manta wani da muka shiga sizyam tare, ɗan ƙauye, wanda ya fi mu lissafi nesa ba kusa ba. Gidan da aka sauke shi, shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai dabbobi. Kafin shekara ta biyu ta ƙare ya koma gida, daga nan sai cin rani. Babu jarrabawar da ta kayar da shi. Wurin kwana da tuwon dare ya rasa.

Ƴan uwa, ba mu da ƙarfin gina kwaleji. Amma kowannenmu ya san wani gida da ke da ɗakin da ba kowa. Kafin a koma aji, mu zagaya mu san yaran ƙauye nawa za su shigo gari, maza da mata, mu nema musu masauki na mutunci, mu riƙa leƙa su. Waɗanda suka yi nisa a lise ko jami'a su ware yamma ɗaya a mako su bita wa masu birbe da bak darasi. Wanda ke da dala ashirin ya sa cikin asusun ƙungiya don littafi da fitila. Ɗaliban Katsina an ba su shekara biyar, suka koma gida suka biya da alli. Mu ma an ba mu, saura biya.

Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙannenmu ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.